Iyakar Hannun Ummi

Warin man kifi ne abu na farko da na sani a duniya, kuma ina jin shi ne na ƙarshe da zan manta. Ba man suya nake nufi ba. Wannan daga hantar ƙirshi ake tatso shi, ƙaton kifin nan mai cin mutane, a bar shi cikin garwa a rana har ya yi baƙi, masu gyaran jiragen ruwa su riƙa shafa wa katako don kada gishiri ya cinye shi. Aikin mahaifina ke nan a bakin tekun Jidda, toshe kafofin kwale-kwale da shafa musu mai. Da ya rasu ina ƙarama, bai bar mana komai ba sai garwa biyu da tarin tsummoki da wannan wari. Ummi, mahaifiyata, ta kwaso su duka ta shigo da su gida.

Gidan ba namu ba ne. Na wani tsohon attajiri ne mai fataucin hatsi, a can ƙarshen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ta wajen tafki. A gindin bangonsa na yamma akwai wata siririyar hanyar ruwa da mutanen da suka haƙo daga tafkin, muna ce mata khor. Ta nan ƙananan kwale-kwale suke shigo da dutse da laka lokacin da ake gina unguwar. Ina yarinya ruwan yana tafiya, yana cika yana janyewa, har ƙananan kifaye muna gani daga taga.

Sauran gidajen Balad dutse ne aka sa masa katako. Namu katako ne aka sa masa dutse. Ƙasar bakin khor ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyi, shi ya sa maginin ya kafa ginshiƙan katako tun daga ƙasa, ya gitta wasu a kansu, ya ɗaure su da juna, sannan ya cike tsakaninsu da dutsen teku, farin nan mai ramuka wanda ko da farce kana iya kankare shi. Bayan kowane 'yan layuka na dutse akwai katako kwance ya zagaye gidan kamar ɗamara. Hawa huɗu ne, kuma kowane hawa ya ɗan turo kan ruwa fiye da na ƙasansa. A fuskar gidan akwai roshan, tagogin katakon nan masu turowa waje waɗanda aka sassaƙa musu ƙananan kafofi, mace ta zauna a ciki ta sha iska ta ga titi ba a gan ta ba. An ce daga tsibirin Jawa aka kawo katakon a jirgin ruwa. Baƙi suna tsayawa su ɗaga kai suna yaba kyansa. Ni kam ban taɓa ganin kyan ba, aiki kawai nake gani.

Ummi a Sudan aka haife ta, a kan hanya. Iyayenta sun baro ƙasar Hausa za su aikin hajji, tafiyar ta ci musu shekaru, suka ƙetaro teku da ita daga Sawakin tana 'yar budurwa. Wanki ya shigo da ita gidan, daga wanki ta koma raino. Ita ta goya babban ɗan maigidan a bayanta da zani irin namu, uwarsa tana kallo tana salati wai zai faɗo. Yaron ya tashi yana ce mata Dada, yadda 'ya'yan manyan gidajen Jidda ke kiran wadda ta raine su.

A shekarun hamsin, bayan an rushe ganuwar gari motoci sun yi yawa, masu hali suka fara barin Balad suna komawa arewa inda ake gina gidajen siminti masu lambu. Tsohon ma ya kwashe iyalinsa. Ranar tafiyar ya tsaya a zaure ya miƙa wa Ummi makulli ya ce, "Ki zauna, ki riƙe mini gidan." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ba takarda ba shaida. Mu muka samu hawan ƙasa, na sama kuma ana saukar da alhazai a ciki idan lokacinsu ya zo. Ummi ta ɗauki wannan magana ta ɗaure ta a bakin zani, ba ta ƙara kwance ta ba.

Kowace shekara, idan alhazai sun watse watan Muharram ya kama, sai ta ce lokacin ciyar da gida ya yi. Haka take kiransa, ciyar da gida. A fara daga sama. A dama nura, farar ƙasar nan ta shafe, a bi duk dutsen da ita don kada raɓar teku ta ci shi. A share indararo. Sannan a buɗe garwa. Duk katakon da ke gidan sai ya sha mai, ginshiƙai da ɗamarori da kowace kafa ta roshan, kuma sau biyu ake yi. Shafin farko katako shanyewa yake yi kamar busasshen burodi a miya, sai an bar shi ya kwana biyu a sake bi, na biyun ne ke zama. Ɓangaren khor ba wurin kafa tsani, saboda haka ni ake ɗaure wa igiyar guga a ƙugu, Ummi ta riƙe ɗaya bakin ta tokare ƙafa a bango, in leƙa ta taga rabin jikina yana reto a kan ruwa, ina shafa ina kuka.

"Kukan me kike yi? Ina riƙe da ke," in ji ta.

"Ummi, wari!"

"Warin nan ne ya biya sadakina. Yalla, miƙa hannu, kin bar wuri a hagunki."

Wari ne da sabulu ba ya fitarwa. Yana shiga gashi, yana shiga abinci, yana shiga allon karatu. A makarantar allo 'yan mata suna toshe hanci idan na zauna, har aka sa mini sunan da ba zan rubuta ba. Da na yi aure, mijina, direban tasi ne mai yawan tsokana, ya ce shekara guda ya yi yana zaton kwale-kwale aka ɗaura masa. Muka kama haya a unguwar Sharafiyya, ɗaki biyu a wani bene na siminti. Ranar da na fara ganin tagar alminiyon, wadda ba ta ci ba ta sha, ba ta neman komai a wurin kowa, saura kaɗan in rungume ta.

Auren bai 'yanta ni ba. Muharram na kamawa saƙo zai zo, in tattara in tafi, da ciki ko da goyo. Na yi ta roƙon Ummi ta dawo wurina. Gwiwoyinta sun fara ciwo, matakalar gidan kuwa doguwa ce mai tsayin taki. Ruwan khor ya daina tafiya tun da aka cike bakin tafkin don yin titi, ya zama kwata mai kore da sauro, ana zuba masa ɓaraguzai. Maƙwabtanmu na da sun tashi, gidajensu sun zama rumbunan ajiyar kaya ko masaukin gwauraye 'yan ci-rani. Duk na lissafa mata wannan, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Wata rana na matsa mata ta zo ta kwana uku a Sharafiyya. Ba ta ci abincin kirki ba, ba ta yi barci ba, tana ta zagaye ɗaki tana shafa bango. A rana ta biyu mijina ya dube ni ya ce, "Mai da tsohuwar nan gidanta tun ba mu yi jana'iza ba." Tun daga nan na daina roƙonta. Na gane idan aka cire ta daga gidan nan ba za ta yi nisa ba, burina ya koma ɗaya, a bar ta ta ƙarasa kwanakinta a ciki.

Sai tsohon ya rasu. Gida ya zama na magada, su da yawa, maza da mata, babban ɗan nan da Ummi ta goya shi ne wakilinsu, kuma shi ya gaji zama kafilinta, mai tsaya mata a wurin hukuma kan takardar zama. A lokacin gari ya haukace da gini. Ko'ina ka juya ana rushewa ana ɗora benaye, ƙura ba ta kwantawa. Gidan da ke kallonmu aka wayi gari babu shi. Ɗan maigidan ya zo gaisuwa, ya sha gahawa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce 'yan'uwansa suna maganar rushe gidan a gina bene, amma ba yanzu-yanzu ba. Ummi ta ce masa Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Yana fita ta zauna a ƙasa a zaure, ban taɓa ganin ta zauna da rana tsaka ba sai ran nan.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in sai labari ya zagaye Balad cewa baladiyya, wato hukumar gari, za ta aiko mutane su duba tsofaffin gidaje. Wanda aka zaɓa za a liƙa masa lamba, daga nan ba mai ikon rushe shi, ko mai shi. Mai sayar da wake a bakin lungu ne ya gaya wa Ummi. Na same ta fuskarta ta washe.

"Kin ji? Gida zai samu iƙama."

"Wace iƙama kuma, Ummi?"

"Takardar zama, ya binti! Hukuma za ta rubuta shi. Kuma kin san yadda abin yake. Da ubanki ya samu tasa, ba ni da ke aka rubuta a ƙarƙashinsa ba? Halas. In gida ya samu, wanda ke cikinsa ya samu."

Kada wani ya yi mata dariya. Mu da muka yi rayuwarmu a layin sabunta takarda, muna ɗaga ido mu ga ɗan sanda gabanmu ya faɗi ko da takardar na aljihu, ba mu san wata kariya a duniya ba sai wannan. Babba ya samu, a rataya ƙanana a jikinsa. Ni ma da na fi ta sanin gari ban musa mata ba. Na so ya zama gaskiya.

Ba Muharram ba ne, amma ta ce a buɗe garwa. Na hau, ina uwar 'ya'ya huɗu, bayana yana ƙara, na bi gidan tun daga sama har ƙasa. Wannan karon mijina ne ya riƙe igiyar yana ta faɗin idan na faɗa kwatar nan ba zai shiga ya ɗauko ni ba. Muka gama, gidan ya fito fari tas, katakonsa baƙi wuluk yana sheƙi.

Mutanen baladiyya su uku suka zo, wani Bature mai ɗaukar hoto da samari biyu injiniyoyi 'yan ƙasa. Mutanen kirki ne, sun san aikinsu. Suka auna, suka zana, suka riƙa soka wani tsinken ƙarfe a jikin ginshiƙai su ga ko zai shige, bai shige ba. Ɗan maigidan ya biyo su cikin farar riga, hankici a hanci. Yana tafe yana gaya musu a hankali cewa gidan ya karkata, ƙasar bakin khor ta ruɓe, shi tsoronsa kada wata rana ya rufta kan mutane. Nan take na gane abin da yake nema. So yake a rubuta gidan ya lalace, a ba shi izinin rushewa. Ummi kuwa ta ɗauka kunya ce ta sa yake kushe kayansa a gaban baƙi, sai ta shiga kare masa mutunci.

"Abadan! Kada ku ji ta tasa, ɗan nan nawa bai san gidan ubansa ba. Karkatar nan da ita aka gina shi, tun ina budurwa haka yake."

Ta shiga ciki ta ɗauko taɓarya ta maka wa babban ginshiƙin zaure. Ya yi ƙara mai daɗi, cikakkiya. Baturen ya yi dariya ya ɗauke ta hoto. Na dubi fuskar ɗan maigidan na ga ta yi fari. Na ja bakin zanin Ummi, ta juyo ta ce, "Na sani, na sani, gahawa tana kan wuta."

Bayan 'yan watanni aka zo aka kafa wani ɗan faranti na ƙarfe a gefen ƙofa. Gidan ya shiga sahun farko, waɗanda aka fi tsanantawa a kansu. Ɗaya daga cikin samarin nan ne ya kawo, ya tsaya ya yi mini bayani. Ba a rushewa. Ba a sauya masa fuska. Ba a sa siminti a inda nura take, ba a cire roshan a sa alminiyon, ko ƙusa babba za a buga sai da izini. Na bari sai da Ummi ta shiga ciki sannan na tambaye shi, "To mutanen da ke zaune a ciki fa?" Ya ɗan yi tunani, ya ce, "Wallahi ya ukhti, dokar ta gini ce." Ya faɗa da tausayi, bai ɓoye mini ba. Ni ce na ɓoye wa Ummi. Ran nan ta soya waina ta raba wa duk lungun, kuma kullum da safe sai ta goge farantin da bakin mayafinta.

Ɗan maigidan ya daɗe bai zo ba. Da ya zo, ya rame. Ba na son in mai da shi mugu a rubutun nan, don ba mugu ba ne. Mutum ne da 'yan'uwa suka sa a gaba, kowa yana nuna masa benen da maƙwabta suka gina yana tambayarsa nasu rabon. Ya zauna a kan dakalin zaure inda ya koyi tafiya, ya karɓi gahawa bai sha ba.

"Dada, kin gaji," in ji shi. "Ki huta. Ki zauna a gidan nan har iyakar ranki, wallahi ba mai ce miki tashi, na yi magana da su duka. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Ba nura, ba mai, ba gyaran indararo. Ki bar shi da Allah."

Doka ta hana shi rushe gidan, amma ba ta hana gidan faɗuwa da kansa ba. Bai faɗi haka ba, ba sai ya faɗa ba. Ummi ta dube shi.

"So kake in zauna a ciki ina kallo yana mutuwa?"

"Gini ne, Dada."

"Ubanka cewa ya yi in riƙe masa."

"Ubana ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Ni nake roƙonki yanzu. Idan aka ci gaba da shafawa, za su ce in rufe gidan, kuma ba zan iya hana su ba."

Da ya tafi muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ni a ganina alheri ya yi mana. Gidan da ya sha mai shekara da shekaru ba zai faɗi yau ko gobe ba, ko an bar shi zai kai wani lokaci mai tsawo a tsaye. Na ce mata, "Ummi, ki yi lissafi. Ko ba a ƙara taɓa shi ba, ke za ki riga shi tafiya. Me ya dame ki da abin da zai same shi bayanki?" Magana ce mai zafi, na sani, amma na gaji. Na gaji da igiya da garwa, na gaji da tsohuwar da ta fi son katako a kan kwanciyar hankalinta. Na rantse mata ba zan ƙara hawa ba. Na sa mijina ya ɗaure tsanin gidan a saman tasi ya kai shi Sharafiyya, na haɗa da igiyar. Har yau da za a mai da ni ranar, haka zan sake yi. Ita dai ta ci gaba da tsince shinkafa.

Muharram ya kama. Wata safiya na sauka a tasi a bakin lungu ɗauke da kwanon abincinta, tun daga wurin mai wake hancina ya gaya mini. Mai waken ya dube ni ya ɗaga gira. Na ƙarasa na tarar da ƙofa a rufe, tagogin ƙasa a rufe, ga kaskon turare a bakin ƙofa yana ta hayaƙi, ga wani kaskon a zaure. A ɓoye wai ta yi, bayan sallar asuba kafin mutane su fito. Ta ƙona turaren da take ajiya don ranar likkafaninta wai ya danne warin man ƙirshi. Duk lungun ya gauraye da warin kifi mai ƙamshin amare.

"Ummi, me kika yi?"

"Me na yi?"

"Kin shafa mai."

"Wa ya gaya miki?" Hannuwanta baƙi ƙirin har gwiwar hannu, tana ɓoye su a cikin mayafi.

Na zauna na yi dariya har hawaye suka zo, da suka zo kuma ba su tsaya ba.

Ɗan maigidan ba ya bukatar ɗan rahoto, yana da hanci. Ya zo, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Dada, ma'alesh, wannan ya wuce. Zan ce musu mantuwa kika yi. Don Allah kada ki ƙara." Ta ce masa, "Tayyib." Ya tafi da sanyin rai. Ni kuwa na san abin da bai sani ba. Shafin farko ta yi. A wurin Ummi wanda ya yi shafin farko ya bar na biyu bai yi komai ba, ya ɓarnatar da mai ne kawai. Na nemi garwar in ɓoye, ban gan ta ba. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah da Annabi da kabarin mahaifina. Ta ce in tafi gida yara suna jirana. Bayan kwana biyu lungun ya sake ɗaukar wari.

Bai yi faɗa ba. Ya zo da kwaɗo sabo a hannu da motar ɗaukar kaya, ya ce magada sun yanke a rufe gidan. Ya ce zai ci gaba da zama kafilinta, takardarta ba abin da zai taɓa ta, kuma duk abin da take bukata a gaya masa. Ya sunkuya ya sumbaci goshinta, idonsa ya yi ja. Kayanta ba su da yawa, katifa da akwati da tukwane da garwa biyun nan. Ɗaya da sauran mai a ciki, ɗayar babu komai kuma gindinta ya lotsa ciki. Na ce a yar da lotsattsiyar, Ummi ta karɓe ta ta sa a mota da kanta.

Da muka fito ta tsaya a gaban farantin nan. Ummi ba ta karatun boko ko na Larabcin ofis.

"Karanta mini."

"Lamba ce, Ummi, da sunan baladiyya."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Ba sunan kowa a ƙasa?"

"Ba sunan kowa."

Ta gyaɗa kai, ta sa bakin mayafi ta goge shi, ta shiga mota.

A Sharafiyya na ba ta ɗakin da ya fi iska. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Da safe takan ɗauki tsumma ta goge ƙarfen taga, ta duba tsumman, ta ajiye. Na hana ta buɗe garwa saboda maƙwabta, ta ce to. Duk yamma idan mijina ya dawo, kafin ya cire takalmi za ta tambaye shi, "Ka bi ta Balad?" Ya ce ya bi, ko bai bi ba. "Yana tsaye?" Ya ce, "Yana tsaye, Hajiya, ya fi ni lafiya." Sai ta juya ta fuskanci bango. Abinci ya riƙa komawa kicin yadda ya fito. Ba ta ga Muharram na gaba ba.

Gidan kuwa yana nan. Ɗan maigidan ya yi ta jira har shi ma ya bi Ummi, magada suka ninka, ba wanda ya san wa zai tambaya. Na daɗe ban bi ta lungun ba, in na shiga Balad sayen turare ko yadi sai in zagaye. Wata rana ƙafa ta kai ni. An cike khor gaba ɗaya an shimfiɗa masa kwalta, motoci ne a jere inda kifaye suke. Roshan ɗin sama sun yi furfura, katakonsu ya tsattsage, wasu kafofin sun zube, kyanwoyi suna leƙowa. Nura ta ɓare dutsen ya fito tsirara. Amma a hawan ƙasa ginshiƙan baƙi ne har yanzu, daga gindi zuwa wani layi, daga nan sama kuma fari. Ummi gajera ce. Layin bai wuce goshina da yawa ba, iyakar inda hannunta ya kai ke nan ranar da ba tsani.

Na bi layin ina zagaye gidan. Da na iso ɓangaren yamma, inda raɓa ta fi ci, inda a lokacin taki ɗaya ne tsakanin bango da bakin kwata, sai na ga layin ya yi tsalle sama. Daidai tsawon garwa ya ƙaru. A nan na gane abin da ya lotsa gindin waccan garwar. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta kifa ta a bakin rami ta hau, ita kaɗai, ba mai riƙe mata igiya.

Na jingina goshina da ginshiƙin. Ana zafi ranar, katakon yana ɗan gumi, warin yana nan a ciki. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba sai da wani mai shago a gefe ya fito ya ce, "Ya hajja, lafiya? Wa kike nema?"

Na ce masa gidanmu ne.

Ya dubi tsohon kwaɗon da ya yi tsatsa, ya dube ni, ya nuna mini farantin da yatsa. "Ba kowa a nan, ya hajja. Gidan nan hukuma ce ke kula da shi."